Shin Nijar na da alƙiblarta a harkokin waje, ko abokai kawai take sauyawa?

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya yi tambaya: "Malam, a da ana cewa Faransa ce ke juya mu. Yanzu sojan Faransa sun tafi, na Amurka sun tafi, mun fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, amma wasu na cewa har gobe Nijar ba ta da alƙibla tata ta kanta a hulɗa da ƙasashen waje, ubangida kawai aka sauya. Ta yaya mutum zai gane gaskiyar maganar?"

Ɗan'uwa, masu faɗin haka da masu ƙaryata su wuri ɗaya suke kallo, wato wa ya sauka Yamai, wa ya kwashe kayansa. Ma'aunin yana wani wajen. Ƙasa tana da alƙiblarta in za ta iya ce wa kowane aboki a'a, tsoho ko sabo, kuma gari ya waye wuta na kamawa, albashi na fita, kaya na isowa kasuwa. In a'ar za ta tsayar da ɗaya daga cikin waɗannan, to ministan harkokin waje, komai iya bakinsa, iyakar ikonsa ya zaɓi wanda zai bi.

Maraɗi ta ga wannan gwaji ƙiri-ƙiri. An yi juyin mulki ranar 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30, ba a yi mako ba Najeriya ta yanke wuta. A lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da kamfanin wuta na ƙasa, NIGELEC, ke rabawa daga Najeriya yake zuwa. Yamai na sha ta layin Birnin Kebbi, mu kuma ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, ya rabu biyu zuwa Maraɗi da Damagaram. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: layukan yankin kogi da na yankinmu ba a haɗe suke ba, don haka ko da Yamai ta samu rarar wuta ba ta da hanyar turo mana. Mai walda ya koma aikin dare in an kawo, mai injin niƙa ya koma gazuwal ya ƙara kuɗin tiya, mai ƙanƙara ya zuba ido kayansa na narkewa. Ƙasar ta jure har aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, kuma wannan juriya abin yabo ce. Sai dai talaka ne ya biya kuɗinta. Madatsar Kandaji da aka tsara za ta ba da megawat 130, tun 2008 aka aza harsashinta. Da an gama ta, an kuma haɗa layuka, da zaren da Abuja ta ja bai shaƙe mu haka ba.

Batun kuɗi ya fi na wuta ɓoyuwa, amma ya fi shi ciwo. Sefa a ɗaure yake da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, tun 1999. Babban bankin da ke buga shi, BCEAO, a Dakar yake, kuma na ƙasashe takwas ne. Gyaran da aka sanar a Disambar 2019 ya soke wajabcin ajiye rabin kuɗin ƙetare a baitulmalin Faransa, amma ɗaurin da yuro da lamunin Faransa suna nan. Da takunkumi ya zo sai aka rufe asusun gwamnati a BCEAO, aka hana ta cin bashi a kasuwar kuɗi ta yankin, masu ba da taimako suka janye hannu. A Oktobar 2023 gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, daga miliyar 3,290 zuwa miliyar 1,980 na sefa. Wannan giɓi shi ne girman abin da ba a hannunmu yake ba. Ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen takwas masu sefa, ta ce harajin cikin gida ya kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Namu wajen rabin haka yake tsayawa. Duk wanda ke son ƙasa ta riƙa magana da murya tata, ya san cewa ma'aikacin duwan na Ɗan Isa da mai karɓar haraji a babbar kasuwar Maraɗi suna cikin aikin, ko da ba su taɓa taka ofishin jakadanci ba.

Sai hanya. Ba mu da teku. Kafin 2023, mafi yawan kayanmu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin suke shigowa, su hau mota zuwa Malanbil, su ƙetare gada zuwa Gaya, tafiyar kilomita dubu da ɗan abu zuwa Yamai. Da aka rufe gadar, kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina, su jira ayarin soja ya raka su ta Kaya da Dori zuwa Tera. Kowane kwana da tirela ta yi tana jiran ayari yana hawa kan kuɗin buhun shinkafa. Yuraniyom ɗin Arlit ma ta Kwatano yake fita, don haka rufewar ta toshe shi. Bututun man da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, a Seme ta Benin yake ƙarewa, shi ya sa a Mayun 2024 Kwatano ta iya hana jirgin ruwa ɗaukar man Nijar sai da Sinawa suka shiga tsakani. Ƙasar da man fetur ɗinta da yuraniyom ɗinta da shinkafarta duk ta ƙofa ɗaya suke bi, mai ƙofar yana da ƙuri'a a siyasarta ta waje ko ba ta ba shi ba.

Yanzu mu koma baya kaɗan, don akwai masu ɗaukar cewa kafin 2023 Nijar ba ta taɓa yin gaban kanta ba. Tarihi bai ce haka ba. Gaskiya ne yarjejeniyar tsaro ta 24 ga Afrilu 1961 da Faransa ta ƙulla da Kodebuwa da Dahome da Nijar ta ba Faransa fifiko a kan ma'adinai irin su yuraniyom. Amma a yaƙin Biyafara, tsakanin 1967 da 1970, Faransa ta karkata ga Biyafara, Kodebuwa da Gabon suka amince da ita a matsayin ƙasa, shugaban Nijar na lokacin Diori Hamani kuwa ya tsaya da gwamnatin Gowon ta Najeriya, har Yamai ta karɓi zaman sulhu a Yulin 1968. Dalilinsa a fili yake: dabbobinmu kudu suke tafiya, dangin mutanen Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suna Katsina da Sakkwato da Kano, kuma rushewar Najeriya wuta ce a gindin zanarmu. Ya duba inda amfanin ƙasarsa yake, ya saɓa wa Paris. Seyni Kunce da ya kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974, a shekarar ya nemi sojan Faransa su fita, suka fita. Ko a kwanan nan, lokacin da Nijar ke kujera a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020 da 2021, ita da Ireland suka gabatar da ƙuduri kan alaƙar sauyin yanayi da tsaro, abin da ya shafi manomi da makiyayin Sahel kai tsaye. Ƙasashe 12 suka goyi baya, Rasha ta hau kujerar na-ƙi a Disambar 2021.

Lokutan da alƙiblar ta kuɓuce kuwa, in ka bi sawu, kusan kullum asusu ne ya bushe. A 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya, da albashin ma'aikata ya taru a kanta, ta amince da Taiwan don samun kuɗi, Sin ta yanke hulɗa. A 1996 aka sake komawa wajen Sin. Cikin shekara huɗu ƙasa ta juya sau biyu a kan batu ɗaya, ba don wani abu ya sauya a tekun Sin ba. Dokar 2015-36 ta Mayun 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ma haka: Turai ce ke da damuwar, kuɗin Turai ne suka biyo baya, direbobin Agadas da masu gidajen saukar baƙi ne suka rasa abin yi, matafiya kuma suka koma hanyoyin da ba rijiya. An soke dokar a Nuwambar 2023.

To, me za a ce game da yanzu? A ganina abu biyu ne a cakuɗe, kuma duk wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai yi adalci ba. Fitar da sojan Faransa wajen 1,500, waɗanda na ƙarshensu suka tashi ranar 22 ga Disamba 2023, da soke yarjejeniyar soja da Amurka ranar 16 ga Maris 2024, da karɓe lasisin mahaƙar yuraniyom ta Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, da mayar da kamfanin yuraniyom na SOMAIR hannun gwamnati a Yunin 2025, duk a Yamai aka yanke su, kuma an san za su yi tsada. Ba wanda zai kira wannan bin umarni. Amma duba ɗaya gefen. A Agustan 2024 Nijar ta yanke hulɗa da Ukraine kwana biyu bayan Mali, a kan abin da ya faru a arewacin Mali. A Afrilun 2025 ta janye jakadanta daga Aljeriya tare da sauran ƙasashen ƙawancen Sahel na AES, wato Mali da Burkina, saboda jirgin Mali marar matuƙi da aka harbo a Tinzawatan, alhali muna da iyaka mai tsawon kusan kilomita dubu da Aljeriya, kuma Agadas na cin abinci daga can. A Majalisar Ɗinkin Duniya, a Maris 2022 Nijar ta kaɗa ƙuri'ar yin tir da mamayar Ukraine, a Fabrairun 2025 ta kaɗa akasin haka. Ƙasa na da ikon sauya ra'ayi. Tambayar ita ce ko a 2022 ko a 2025 akwai wanda ya fito ya bayyana wa ɗan Nijar abin da ƙasarsa ta samu da ƙuri'ar. In ƙuri'a na bin wanda ke tsaron fadar shugaban ƙasa a wannan shekarar, to mai zargin da ka ambata yana da abin kamawa.

Sannan ga rancen mai. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin, a kan za a biya da ɗanyen mai cikin wata 12 da ruwa kashi 7 cikin 100. Kamfanin nan shi ke haƙo man Agadem, shi ya shimfiɗa bututun, shi ke da kashi 60 cikin 100 na matatar SORAZ ta Damagaram. Mai haƙowa, mai tacewa, mai jigila, mai ba da bashi, duk mutum ɗaya. A Maris 2025 an kori shugabannin kamfanonin man Sin uku, wanda ya nuna gwamnati ba ta jin daɗin tsarin, amma korar mutum uku ba ta sauya wanda ke riƙe da takardar bashi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Tunda daga Maraɗi ka yi tambayar, bari in daɗe a nan, don a wurinmu harkar waje ta farko Najeriya ce, Paris da Mosko suna bayanta nesa. Iyakarmu da ita ta kai wajen kilomita 1,500. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai kilomita ɗari ba, zuwa Yamai ya haura ɗari shida. Ɗan canji a bakin kasuwa da damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya, kafin azahar ya san abin da babban bankin Abuja ya yanke. Da Buhari ya rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, alhazan da ke sana'ar wucewa da kaya zuwa Jibiya suka ga rumbunansu cike, ba mai saye. Da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, sai ƴan ruwa-ruwa da ke jera kwalabe a bakin titi suka rasa arahar da suke kawowa daga kudu. Masu babura da motoci suka koma gidan mai, gwamnati kuma ta rage kuɗin lita zuwa sefa 499 a 2024, matatar da ke tace ganga 20,000 a rana ta kasa ɗaukar nauyin, a Maris 2025 layi ya yi tsawo a gidajen mai har sai da tankoki suka shigo daga Najeriya. Wato hukuncin da aka yanke a Abuja don ƴan Najeriya ya zo ya sauya lissafin SONIDEP, kamfanin man gwamnatin Nijar. Ma'aikatar da ke da alƙibla tana da mutanen da aikinsu kawai bin irin wannan, su rubuto tun kafin a yi: in an cire tallafi, buƙatarmu za ta ƙaru da kaza, a tanadi kaza.

Haka ruwa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, kuma tun da aka yi madatsar Jibiya, yawan ruwan da ke isa fadamun Madarunfa ya danganta da yadda aka buɗe ƙofa a can. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka haɗa, akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa a 1971, hedikwatarta a Yamai. Kayan aiki ne a ajiye. Haka tsaro: ƴan bindigar da suka koro dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa Gidan Runji da Madarunfa tun 2019 ba su san iyaka ba, shi ya sa a Satumbar 2019 gwamnonin jihohin uku suka zo Maraɗi suka zauna da gwamnanmu. Duk ranar da Yamai da Abuja suka daina gaisawa, ɓarawon shanu ne ke cin riba, don ya san sojan da ya biyo shi zai tsaya a kan iyaka, kuma ba wanda zai buga waya ɗaya gefen. Ziyarar ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar a Yamai a Afrilun 2025, inda ya gana da Bakari Yau Sangare, ta fi wa manomin Gabi amfani a kan tarurruka goma a ƙetaren teku.

Ka tambayi yadda za a gane. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi takardar. Babban ƙorafin da sojoji suka yi kan yarjejeniyar Amurka shi ne cewa da ƴar wasiƙar diflomasiyya aka ƙulla ta a 2012, ba a kai ta majalisa ba. Ƙorafi ne mai ƙarfi, kuma da shi ya kamata a auna duk abin da aka sa wa hannu da Rasha da Turkiyya da Sin da Iran. In an buga yarjejeniya, ga wuraren da ake duba: shekara nawa za ta yi, wata nawa ake ba da sanarwa kafin a fita, wa zai yi wa sojan baƙo shari'a in ya kashe ɗan ƙasa, wane haraji aka yafe, wa ke sa farashin ma'adini kuma da wane ma'auni, me aka jingina in an kasa biya, kuma a wace kotu za a je in an saɓa. Wannan na ƙarshen shi ake rainawa ranar sa hannu, shi ne kuma ke cizo daga baya. Rigimar Orano da Nijar ga ta can gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa, ba a kotun Yamai ba. Yarjejeniyar da aka ɓoye, sau da yawa ɗaya daga cikin waɗannan wurare ne ba a son a gani.

Makamai ma suna da nasu tarko. Sayen jirgi rana ɗaya ne, kula da shi shekara ashirin. Jirgin dakon C-130 da Amurka ta bayar yana buƙatar kayan gyaran Amurka, jirage marasa matuƙa na Bayraktar suna buƙatar harsashi da makanikan Turkiyya, na'urar kare sararin sama ta Rasha sai mai horarwa ɗan Rasha. Rarraba saye tsakanin ƙasashe yana hana mutum ɗaya ya kashe maka komai, amma yana ninka kuɗin gyara da horo. Abin da ke warware wannan shi ne a sa a cikin kwangila tun farko cewa za a horar da makanikai ƴan ƙasa, a ajiye kayan gyara na aƙalla shekara biyu a cikin gida.

Akwai kuma mutanen da ke yin aikin. Nijar ta fitar da Ide Umaru wanda ya shugabanci sakatariyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, da Hamid Algabid wanda ya riƙe ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Ba a rasa gwanaye ba. Abin da ke lalata aikin shi ne duk sabuwar gwamnati ta share jakadu ta zuba nata, wanda ya san fayil ɗin ruwan Gulbi ko na iyakar Aljeriya ya koma gida, sabon ya zauna da abokin tattaunawar da ya shekara goma sha biyar a kan batun. A irin wannan zama ba sai an yi maka barazana ba, rashin sanin abin da aka amince a 1990 ya isa.

In kana son abu ɗaya da za ka sa wa ido a nan gida, to layin dogo ne. Najeriya na gina na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke aikin, an aza harsashi a Fabrairun 2021. Faɗinsa milimita 1,435 ne. Wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, wanda aka ƙaddamar a 2016 bai kuma taɓa yin jigilar kasuwanci ba, faɗinsa mita ɗaya ne, irin na Kwatano zuwa Paraku. Jirgin da ya hau ɗaya ba zai hau ɗayan ba. Layuka biyu a ƙasa ɗaya, kowanne da awon wanda ya biya kuɗinsa. Ranar da jirgin Kano ya iso, Maraɗi za ta samu ƙofa ta biyu zuwa teku ta Legas, amma amfaninta ya danganta da abin da aka tattauna tun yanzu: a ina za a yi duwan, Jibiya ko Ɗan Isa ko tashar tudu a Maraɗi, kwantenar da ke wucewa zuwa Nijar nawa za ta biya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, da naira za a biya kuɗin dako ko da sefa, in aka sake rufe iyaka kamar 2019 ko 2023, kayan da ke kan hanya ina makomarsu, sannan daga Maraɗi zuwa Damagaram da Ƙonni, da wane faɗi Nijar za ta ci gaba da shimfiɗa nata.